Sunan Hajiya a Ranar Tsarkaka

Aiki ne ya kawo ni Daura. Ni ungozoma ce, haifaffiyar ƙasar Numan. Mijina ma'aikacin kwastam ne da aka turo bakin iyaka, na biyo shi da takarduna, na samu aiki a wani ƙaramin asibitin ƙauye ta wajen Sandamu. Ya rasu tun yaranmu suna firamare. Na zauna, don a nan abincina yake, kuma ban ga abin da zan koma in tarar a gida ba. Yaran suka girma suka watse, namijin yana Kaduna, macen tana aure a Yola. A unguwa da wurin aiki, har a coci, kowa Sista yake kirana.

Mu 'yan Lutheran ba mu da yawa a garin. Cocinmu ɗaki ne guda mai rufin kwano a bayan gari, kuma yawancin masu zuwa baƙi ne irina: 'yan sanda, ma'aikatan kwastam, malaman makaranta, sai 'yan hidimar ƙasa da ke zuwa su tafi. Da ka fara sabawa da mutum sai ka ji an yi masa canjin wurin aiki. Ba mu da fasto zaunanne. Daga Katsina yake zuwa idan za a yi Jibin Ubangiji, wato cin gurasar tunawa da Almasihu, ko baftisma, sauran Lahadi kuwa wani dattijo, tsohon ɗan sanda da ya yi ritaya ya ƙi komawa garinsu, shi yake jagorantar sujada.

A cikin ranakun shekarar ikilisiya, wadda na fi so tun ina yarinya ita ce ranar tunawa da dukan tsarkaka, da muke yi a Lahadin farko na Nuwamba. Ana shimfiɗa farin ƙyalle a kan bagadi, wato teburin da ke gaban coci, a kira sunayen 'yan ikilisiya da suka rasu a shekarar ɗaya bayan ɗaya, kowane suna a kaɗa masa ƙararrawa a kunna masa kyandir. Mahaifina mai bishara ne a ƙauyenmu, kuma kowace shekara sai ya maimaita mana abu guda: mu ba ma roƙon tsarkaka, ba ma kai musu kuka. Muna tuna su ne don mu gode wa Allah da ya ba mu su, mu ga yadda ya ji ƙansu duk da kasawarsu, mu kuma yi koyi da su, kowa a cikin aikinsa. Yakan ce manzanni da waɗanda aka kashe saboda bangaskiya suna da ranakunsu daban, amma wannan rana ta kowa ce, har da tsohuwar da ke share coci.

Mama ta riƙe wannan koyarwa fiye da shi kansa. A addu'arta ta safe, bayan ta gama da mu 'ya'yanta, sai ta shiga lissafo matan da suka koya mata karatu da waƙa da riƙon gida, waɗanda duk sun daɗe a ƙasa, tana gode wa Allah saboda kowacce. Muna yara mukan ƙosa, don kunu yana hucewa.

Bayan rasuwar mahaifina da wasu shekaru, Mama ta samu shanyewar ɓarin jiki. 'Yan'uwana suka ce ni ce ma'aikaciyar lafiya, ni ya kamata in ɗauke ta. Ban yi gardama ba. Na je na taho da ita a kwance a bayan mota, tafiyar da ta cinye mana yini guda. Sai da muka iso na zauna na tambayi kaina wanda zai zauna da ita idan na tafi aiki. Da sassafe ɗan acaɓa yake zuwa ya ɗauke ni, kuma dawowata ba ta da lokaci, don haihuwa ba ta san agogo ba. Na gwada 'yan aiki, wata ta yi wata guda ta gudu, wata kuma na dawo na tarar ta kulle Mama a ɗaki ta tafi kallo.

Katanga ɗaya ce tsakanina da gidan Hajiya. Tsohuwa ce 'yar asalin garin, mijinta dillalin shanu ne da ya rasu da daɗewa, tana zaune da babban ɗanta, Alhaji, wanda ya gaji sana'ar uban, da matarsa da 'ya'yansu. Shekaru muna gaisawa, ta aiko mini da naman layya, in aika mata da shinkafar Kirsimeti, ban da haka babu wata doguwar hulɗa. Ran da yarinyar nan ta kulle Mama, Hajiya ce ta ji kukanta ta kan katanga. Da na dawo ta shigo da mayafinta, ba ta ko zauna ba.

"Sista, wannan ba yi ba ne. Ki riƙa bar mini makulli."

Na ce, "Hajiya, aikin da nauyi. Sai an juya ta, sai an gyara mata shimfiɗa, wani lokaci ma ba ta iya riƙe fitsari."

Ta ce, "Na yi jinyar uwata, na yi ta mijina. Me za ki gaya mini? Ni ma zaman banza nake yi, jikoki suna cika mini kunne."

Haka aka fara. Da hantsi takan shigo da tabarmarta da butarta da kwanon fura. Ta goge wa Mama jiki, ta ba ta abinci da cokali a hankali, don haɗiya tana yi mata wuya. Idan azahar ta yi ta shimfiɗa sallayarta a tsakar gidana ta yi salla. Hausar Mama dama ba ta nuna sosai ba, ga harshe ya karye, amma Hajiya ta koyi jin maganarta har ta fi ni. Nakan dawo in tarar suna dariya, in tambayi abin da ya faru, Hajiya ta ce, "Hirar manya ce, je ki cire takalmi."

Duk da taimakon nan, shekarun sun ci ni. In tashi in yi wa Mama wanka kafin in fita, in yini a tsaye a kan mata masu naƙuda, in dawo bayana kamar zai tsinke saboda ramukan hanya, in tarar da wanki yana jirana. Har addu'a ta koma mini aiki. Sau da yawa nakan fara ta a zaune a bakin gado, in farka ban san inda na tsaya ba.

Matan zumunta na cocinmu sukan zo wani lokaci ranar Asabar su yi wa Mama waƙa. Hajiya ba ta tashi. Takan koma gefe da carbinta, idan sun gama ta ce musu sannunku da ƙoƙari. Wata shekara ana gobe ranar tsarkaka suka zo suna gwajin waƙar da za su yi, bayan sun tafi ta tambaye ni ko wane biki ne. Na yi mata bayani.

Ta ce, "Au, ashe ku ma kuna da waliyyai. Kuna zuwa ziyara kabarinsu?"

Kafin in amsa Mama ta ɗaga hannunta mai lafiya tana girgiza kai. Ta daɗe tana kokawa da kalmomi. Abin da ta ce shi ne, a wajenmu duk wanda aka yi wa baftisma ya mutu yana dogara ga Almasihu yana cikin tsarkaka, ko da mai tuyar ƙosai ce, kuma ba ma neman komai a wajensu.

Hajiya ta yi dariya ta ce, "To ke kin shiga ke nan tun yanzu. Allah dai ya sa mu cika da kyau." Mama ta ce amin.

A cikin marka Mama ta rasu, ina wurin aiki. Wata yarinya ce aka kawo da cikin fari, haihuwa ta zo da gardama, wayata tana cikin jaka ban ji ƙararta ba. Da na dawo da yamma na tarar an gyara Mama, an rufe mata ido, an ɗaure mata haɓa da ɗankwalinta, an lulluɓe ta da zanen da ta fi so. Hajiya tana zaune a ƙasa kusa da gadon.

Ta ce, "Sai haƙuri, 'yar nan. Ba ta wahala ba. Da na ga numfashin ya canza na riƙe hannunta na ce mata ta kira Ubangijinta yadda ta saba. Ta motsa baki. Ban ji abin da ta ce ba, amma ta motsa."

A maƙabartar Kirista da ke bayan gari muka binne ta, don ba ni da ƙarfin sake wannan doguwar hanya da gawa. Hajiya ba ta bi mu can ba, amma duk kwanakin zaman makoki tana gidana, ita take nuna wa matan unguwa inda za su zauna, ita take karɓar kwanukan abinci.

Ba a gama yankan gero ba Hajiya ita ma ta kwanta. Zazzaɓi ne da tari. Na duba ta da kaina, na sa Alhaji ya kai ta babban asibiti, aka ba ta magani, har ta fara zama tana shan kunu. Wata Talata na leƙa da safe ta ce in taho mata da zogale daga ƙauye idan na samu. Na samu, na ƙulla a leda. Da ɗan acaɓa ya shigo da ni layinmu na hango tabarmi a ƙofar gidansu, maza sun zazzauna. Da hantsi ta cika, kafin la'asar har an kai ta an dawo. Na shiga wajen mata da ledar a hannuna, matar Alhaji ta karɓa ta ajiye a kan turmi, muka zauna.

Da Nuwamba ta matso, dattijonmu ya sanar bayan sujada cewa duk wanda aka yi wa rasuwa a shekarar ya kawo suna. Na same shi a bakin ƙofa na faɗa masa sunan Mama, sannan na faɗa masa na Hajiya. Ban yi wani dogon tunani a kai ba. Mutum biyu na rasa, biyu na faɗa.

Ya cire tabarau ya dube ni. "Sista, wannan ai sunan Musulma ne."

Na ce, "Maƙwabciyata ce, Baba. Ka san ta. Ita ta ba ka ruwa ran da kuka zo gaisuwa."

Ya ce, "Na san ta, mutuniyar kirki ce. Amma ranar ta 'yan ikilisiya ce. Ni ba zan iya yanke wannan ba, sai Fasto ya zo."

A ƙaramar ikilisiya magana ba ta kwana. Ɗaya daga cikin matanmu tela ce, ita take yi wa matar Alhaji ɗinki. A tsakiyar mako ina dawowa daga aiki na tarar da Alhaji yana tsaye a ƙofar gidana. Mutum ne mai kunya, tun yana saurayi ba ya haɗa ido da ni. Muka gaisa, ya yi ta murza hularsa a hannu.

Ya ce, "Sista, wata magana na ji, ban sani ba ko gaskiya ce. An ce za ki kai sunan Hajiya coci."

Na ce gaskiya ne na nema, na kuma yi masa bayanin abin da ake yi: ba wani abu ba ne, kiran suna ne da godiya ga Allah.

Ya ce, "Na san don ƙauna kika yi. Wallahi na sani. Amma ki dube ni. Tun tana da rai akwai masu cewa me tsohuwa take yi kullum a gidan Kirista, har ana waƙa tana zaune. Ni na toshe kunnena, don na san uwata, ba ta taɓa barin salla ba. Yanzu ba ta nan da za ta kare kanta. Idan aka ji an kira sunanta a can, kin san abin da za a ce. Ina shiga kasuwar Mai'adua, ina da 'ya'ya mata da za su yi aure. Muna yi mata addu'a, mun yi sadaka. Don Allah ki bar mata sunanta a gida."

Ban ji haushinsa ba. Ko ƙarfin jin haushi ba ni da shi a lokacin. Na ce, "Na ji, Alhaji. Uwarka ce. Ba za a kira ba." Ya yi godiya har da ɗan rusunawa, ya ce idan ina bukatar wani abu in aika, kada in ga Hajiya ba ta nan in ɗauka an rabu.

Ranar Asabar Fasto ya iso daga Katsina, ya zo gidana da yamma. Matashi ne, bai fi sa'ar ɗana ba. Na shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida. Ya fara da cewa tun a mota yake juya maganar, kuma ba zai ɓoye mini ba, ba zai iya sa sunan cikin waɗanda za a kira ba. Ya ce waɗanda ake kira a ranar ba don kirkinsu ake kiransu ba, don baftismarsu ne da bangaskiyar da suka shaida, kuma idan ya sa Hajiya a ciki ya ɗora mata abin da ita ba ta ce ba. Ya ce shari'ar kowa tana hannun Allah, shi bai isa ya ce ga inda take ba.

Na ce, "Fasto, ka huta. Ɗanta ma ya hana."

Ina tsammanin ya shirya wa gardama ne, sai ya tarar babu. Can ya ce, "To ki ba ni labarinta. Ni sau ɗaya na taɓa ganinta."

Na fara a taƙaice, don in sallame shi. Sai maganar ta ƙi tsayawa. Na gaya masa yadda take tauna goro ta ɗan sa wa Mama a baki don ta ji ɗanɗano, yadda ta gano da man shanu ake hana bayan Mama yin gyambo, yadda ko a azumi ba ta fasa zuwa ba, tana ba wata abinci da rana ita bakinta a bushe. Na gaya masa ran da suka yi faɗa a kan rediyo, Hajiya ta yi fushi ta tafi, ba a jima ba ta dawo ta ce ta manta butarta, alhali butar tana hannunta. Tun rasuwarsu babu wanda ya zauna ya saurare ni haka. Masu gaisuwa haƙuri suke ba ka, su tashi. Shi kuwa yana ta saurare, yana amsawa da "to" da "ikon Allah", har aka kira magariba a masallacin layinmu, ya yi addu'a gajeriya ya tafi masaukinsa.

Da safe na sa fararen kaya na tafi. Ba mu cika benci biyar ba. An shimfiɗa farin ƙyallen, wanda ya fara yin ruwan ƙasa a gefe saboda tsufa. Ƙararrawarmu ta hannu ce irin ta makaranta, dattijo ne yake kaɗawa. Aka kira wani ɗan sanda da ya rasu a hatsarin mota, aka kira jaririn wata malama, aka kira mahaifin wani da ya rasu can garinsu. Da aka kira Mama na tashi na je na kunna kyandir. Iskar fanka ta kashe shi, sai da wata ta miƙe ta kashe fankar na sake kunnawa. Na zaci zan yi kuka, ban yi ba. Ƙafafuna ne kawai suke ciwo, na ƙosa in zauna.

A addu'ar jama'a, bayan Fasto ya gode wa Allah saboda manzanni da shahidai da iyayenmu da suka riga mu, sai ya ƙara wani abu da ba ya cikin littafi. Ya gode wa Allah saboda maƙwabtan da ya ba mu a garin da ba namu ba, waɗanda suka ciyar da marasa lafiyarmu, suka zauna da su a lokacin da mu ba ma nan. Ya roƙa a ba mu zuciyar yin haka ga wasu. Bai ambaci kowa ba. Matan zumunta suka amsa amin da ƙarfi, wata ta taɓa ni a kafaɗa daga baya. Dattijo ma ya ce amin, idonsa a ƙasa.

Har yau ban san ko hakan ya ishe ni ba. Wani lokaci ina ganin kowa ya yi daidai, Alhaji da Fasto da dattijo, wani lokaci kuma in ji kamar an bar tsohuwar a tsaye a waje. A bakin kyandir ɗin dai na faɗi sunanta a zuciyata, kuma ban ga wanda na saɓa wa ba.

Bayan an tashi matan suka ce in tsaya a ci abinci tare, an dafa shinkafa da wake. Na ce su yafe mini. Na hau acaɓa na koma gida, na kwanta a kan doguwar kujera da kayan cocin a jikina, da niyyar in ɗan miƙe bayana. Ban farka ba sai bayan la'asar, wuyana ya ƙage, matar Alhaji tana ta sallama a tsakar gida. Ta ce ta leƙo tun ɗazu ta ga ina barci ta koma. Awakinsu ne suka ɓalle suka shigo mini, sun cinye rabin yakuwar da na shuka a bayan ɗaki, ta zo ba da haƙuri. Na ce ta bar su su ƙarasa, dama ba ni da lokacin tsinka. Muka kora su waje tare, ta tafi ɗora tukunya, ni kuma na jiƙa kayan aikina na gobe.